Sun Yafe wa Baba Laifin da Bai Yi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar bazara, kuma kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika har mutane na tsayuwa a rana. Na daɗe ban ga jana'iza mai jama'a kamar tasa ba a unguwarmu ta bayan garin Daura. 'Yan lambu sun zo da taɓo a ƙafafunsu, mahauta sun zo, abokan sana'ata masu gyaran babur sun rufe rumfuna sun zo. Da wani ya ce mini zan tsaya gaban gawar mahaifina zuciyata na tafasa maimakon ta karye, da na ƙaryata shi. Amma abin da ya faru ke nan.

Kafin a ta da kabbara liman ya juyo ya ce, kamar yadda aka saba, duk wanda mamaci ya saɓa wa ya dubi girman Allah ya yafe masa. A sauran jana'izu mutane kan amsa ƙasa-ƙasa ne a wuce wurin. A ta Baba sai sahu ya ɗauka gaba ɗaya da ƙarfi: "Mun yafe masa! Wallahi mun yafe!" Wani daga baya ya ƙara da cewa, "Ai ba da gangan ya yi ba." Na waiwaya in ga mai maganar, sai idona ya faɗa kan mijin Yaya a sahun gaba, daf da liman, cikin farar shadda, kai a sunkuye, leɓɓansa na motsi. Shi ma yafewa yake yi.

Haka aka yi ta yi a zaman makoki. Duk wanda ya durƙusa sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, Allah ya yafe masa kuskurensa, tsautsayi ne." A cikin gida mata na ce wa Inna ta yi haƙuri, kowa ya san niyyarsa ta alheri ce. Inna ta ce amin, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mutum ɗaya ne ya yi mini ta'aziyyar da ta shiga raina, wani ɗan Ibo mai sayar da kayan babur kusa da rumfata. Ya cire takalmi, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Baba mutum mai kyau ne. Sannu." Bai yafe masa komai ba, domin bai ga abin yafewa ba. Sai da ya tafi na samu hawaye ya zubo mini.

Wanda bai san unguwarmu ba zai tambaya wane kuskure ne wannan. A gabas da mu akwai matatar ruwan datti ta gari. Sunan ya fi wurin kyau. Manyan tafkuna ne da aka haƙa tun ina yaro, inda ruwan lambatun cikin gari da na mayanka ke taruwa ya kwanta, dattin ya nutse, na saman ya fita ta wata ƙofar siminti ya bi rafi. Abin da ke riƙe da tafkin ƙarshe, wanda ya fi kowanne girma, wani dogon tudu ne na jar ƙasa da aka daddaɓe, mu ganuwa muke ce masa. A ƙarƙashin ganuwar nan lambunanmu suke, da gidajen 'yan lambu da rijiyoyinsu. Lambun Baba ne na farko, a gindinta sosai, da ɗan gidan da ya gina a ciki, ɗaki biyu da rumfa, inda yake wuni.

Kan ganuwar kuwa hanya ce. Mutanen ƙauye masu zuwa kasuwa ta nan suke bi da jakuna da kekuna, daga baya da babura, kuma a da babu ko inuwar da kaza za ta fake. Shekarar da kakarmu ta rasu Baba ya fara dasa darbejiya a gefen hanyar, sadaka ga mahaifiyarsa. Ya ce duk wanda ya huta a inuwar, ladan ya tafi gare ta. Da garwa yake hawa da ruwa, ya kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki. Da suka girma ya girke randa a gindin babbar cikinsu, da moɗa ɗaure da igiya, kuma ban taɓa tarar da randar nan a bushe ba. Babu wanda ya taɓa ce masa kul. Ma'aikatan matatar kansu a nan suke shimfiɗa tabarma su yi azahar. Mijin Yaya, da aka ba shi shugabancin wurin, ƙarƙashin wadda ta fi kowacce duhuwa yake ajiye motarsa.

Baba ba waliyyi ba ne, kada in yi masa ƙarya bayan ransa. Mutum ne mai taurin kai na gaske. Har ya mutu bai yarda injin ban ruwa ba ya ɓata ɗanɗanon albasa ba, kuma sana'ata bai taɓa kiranta da sunanta ba, sai dai ya ce, "Auta, yaya shan hayaƙi?" Idan ka kawo masa magana mai zafi sai ya ɗauki fartanya ya ce, "Bari dai mu gani," ya bar ka tsaye da bakinka. Kullum da yamma sai sun yi da Inna a kan warin tafki. Tana jin sallamarsa za ta ɗaga murya daga madafa: "Malam, a bar tafkin a waje!" Shi kuma ya tsaya a zaure ya wanke ƙafa yana gunaguni, wai latas ɗin da take yabo ba da ruwan zamzam ake noma shi ba.

Yana da amini, maƙwabcinsa a lambu, tare aka yi musu kaciya. Kowane rani sai sun yi faɗa a kan wanda zai fara jan ruwa. Sai ka gan su zaune a tabarma ɗaya, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Amma idan Baba ya fasa goro, sai ya ajiye rabi a tsakaninsu ba tare da ya waiwaya ba, hannun aminin ya lallaɓo ya ɗauka. Da Inna ta yi doguwar jinya, aminin ne ya riƙe lambun Baba har aka cire albasa. Da ɗan aminin ya rasu ya bar 'yar jaririya, Baba ne yake aika musu da kayan miya ba fashi, kuma shi ya raɗa wa yarinyar suna.

Sai dai abin da ya fi komai ƙarfi a halin Baba shi ne kunya, irin ta mutanen da. Yaya ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" yake ce mata, har ta haifi 'ya'ya ta aurar da ta farko. Ban taɓa ganin sun zauna sun yi hira ba. Idan ta zo gida ta gaishe shi daga bakin ƙofa, sai ya amsa yana kallon bango, bayan ta tafi kuma ya tsare Inna da tambaya: ta rame ne, ko idona ne? Mijinta kuwa, ai sai abin ya ninku. Suruki ne. Idan ya hango Baba, tun daga nesa zai cire takalmi ya tsuguna, kai a ƙasa, "Allah ya ƙara girma, Baba." Baba ya kawar da fuska ya ce, "Madalla, a gaida gida." Iyakar maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ke nan. Mutane na yabon ladabin mijin Yaya. Ni ma na yaba, kafin in gane cewa tsugunon nan ya fi masa kowace katanga amfani.

Shekaru kaɗan da suka wuce gindin ganuwa ya fara naso. Ba sai mai ilimi ba, kowa ya gani: ƙasa ta yi baƙi, ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani, wani ruwa mai wari na tsattsafowa ya kwanta a kwamin yakuwa. Ƙofar simintin da ruwa ke fita ta toshe da leda da tsumma da robobi. Dagwalon da ya kamata a riƙa kwashewa daga cikin tafki ya taru har tsuntsaye na tafiya a kansa. Gafiyoyi sun yi gidaje a jikin ganuwar kamar an ba su fili. Da damina ruwa kan hau har ya kusa lasar hanya.

Wanda zai ba da umarnin gyara yana nan kullum, motarsa a inuwar Baba, tsakaninsu bai fi jifa ba. Amma Baba ba zai iya hawa ya ce masa, "Zo ka gani" ba. Ba zai iya gaya wa Yaya ba. Sai ya aiki Baffa, ƙaninsa, wanda shi ne ya ba da auren. Mijin Yaya ya tsuguna wa Baffa, ya ce a gaya wa Baba an ji, ana kan magana da na sama. Aka shekara. Baba ya sake aikawa, aka sake tsugunawa. Ni ma na je da kaina, kuma a nan ne al'ada ta yi mini dariya, domin ni ƙanin matarsa ne, abokin wasansa. Na ce, "Yallaɓai, ganuwarka na fitsarin kwance." Ya ƙyalƙyale da dariya ya kai mini duka a kafaɗa. Na ɓata rai na ce da gaske nake. Ya ce, "Kai dai Auta ba ka rabo da tsiya. Je ka gyara kaburetarka ka bar mana namu." Wanda za a ji maganarsa ba shi da bakin faɗa, ni mai bakin kuma an mayar da tawa wasa.

Ganuwa ta fashe a daminar bara, ranar kasuwa da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Allah ya taƙaita, yawancin mutane sun fita. Ina rumfa aka bugo mini waya. Da na isa, lambuna sun zama tafki ɗaya baƙi ƙirin, gidajen ƙasa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, awaki na yawo a kan ruwa ciki a kumbure. Warin ranar har yanzu idan na tuna sai na tofar da yawu. Na tarar da Baba tsaye a kan abin da ya rage na hanya, wandonsa jiƙe har cinya, ya fito da wata tsohuwa daga ɗakinta. Ya dube ni, ko "bari mu gani" ɗin bai ce ba.

Ruwan bai ci kowa ba a ranar. Rijiyoyi ya shiga. Kafin sati ya zagayo amai da gudawa sun kama unguwa, aka yi ta kwasar mutane zuwa asibiti a kan babura. Manya suka tashi. Jikar aminin Baba, wadda Baba ya raɗa wa suna, ba ta tashi ba. Ta fara zuwa makarantar allo ke nan.

Bayan kaka aka turo masu bincike daga babban birni, aka yi zama a ƙofar gidan dagaci. Mijin Yaya ya miƙe da hotuna a hannu. Ya yi bayani mai daɗin ji, cewa saiwar itace na huda ganuwar ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya, ya nuna hoton saiwar darbejiya a bakin inda ya ɓalle. Ba zan ce ƙarya ce tsagwaronta ba, na tambaya daga baya an ce mini itace ba ya yi wa irin wannan ganuwa kyau. Amma bai nuna hoton ƙofar da ta toshe ba. Bai ambaci dagwalo ba, bai ambaci gafiya ba, bai ce an taɓa aiko masa da kowa ba. Ya rufe da cewa, murya na rawa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai domin wanda ya dasa itatuwan uba ne a gare shi.

Aka kira Baba. Babban cikin baƙin ya ce, "Malam, kai ka dasa?"

"Ni na dasa."

"Ka taɓa ganin wata alama a jikin ganuwar ka sanar da shugaban wurin?"

Baffa ya motsa zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu. Ni na yunƙura zan miƙe, sai na ji an riƙe mini gefen riga, riƙo irin na mai fartanya. Mijin Yaya na tsugune a gefe, kai a ƙasa. Idan Baba ya ce eh, ya ƙaryata surukinsa a gaban dagaci, ya raba shi da aikinsa, wataƙila har da ɗauri, kuma jikokinsa su tashi da sunan.

"Ranka ya daɗe, ba ni da abin cewa," in ji Baba.

Shi ke nan aka rufe magana. Aka zuba buhunan yashi da 'yar jar ƙasa a inda ya ɓalle, aka ce a sare itatuwa. Da Baba ya ji za a turo masu injin yanka, ya ce babu wanda zai taɓa sadakar uwarsa sai shi. Mutumin da ya haura saba'in ya ɗauki gatari. Rani guda ya yi yana sara. Na roƙe shi, na yi fushi, na ɓoye gatarin, ya aro na maƙwabta. Idan itace ya faɗi sai ya zauna a kan kututturen yana haki, ya gyara rassan, ya aika wa waɗanda gidajensu suka rushe su yi azara. Wasu suka karɓa suna kawar da kai. Amininsa ya sa aka mayar masa da nasa a kurar dakon kaya, aka zube a bakin lambu, babu ko saƙo. Tun rasuwar yarinyar bai ƙara amsa sallamar Baba ba. Ranar na ga Baba ya fasa goro, ya dubi rabin da ke hannunsa, ya jefa a aljihu.

Yara a hanya suka fara ce masa mai darbejiya. A masallaci idan ya shiga sahu sai a ɗan matsa. Mijin Yaya kuwa aka ƙara masa girma a wurin aiki, wai ya iya shawo kan matsala. Ya sayi labulen leda yana rufe motarsa saboda rana.

Itace na ƙarshe ya faɗi da shigowar bazara, Baba ma ya kwanta. Likita ya ce ƙirji ne da zuciya. Ni na san abin da ya kashe shi, kuma na san sunansa da lambar motarsa. Ana jibi zai rasu, ina ba shi kunu da la'asar, ya riƙe mini hannu ya ce, "Auta, na san halinka. Kada ka ɓata wa yarinyar nan gida." Na ce, "Allah ya ba ka lafiya, Baba." Ya sake faɗa. Na sake ce masa Allah ya ba shi lafiya. Ya gane ban ɗauki alkawari ba, ya saki hannuna ya juya wa bango.

Tsakanin rasuwarsa da sadakar arba'in kullum sai na je lambu. Babu itace ko ɗaya a kan ganuwa, sai kututture, amma naso na nan, har ya ƙaru, kuma a wuraren da ba a taɓa dasa ko tsinke ba. Ƙofar siminti na nan a toshe. Buhunan yashin rana ta cinye su sun farfashe. Nakan tsaya in kalli wurin in ji daɗi, Allah ya gani, daɗi irin na mugunta, domin ganuwar da kanta tana ba da shaidar da Baba ya ƙi bayarwa. Saura in sa mijin Yaya ya faɗa da bakinsa a gaban waɗanda suka yafe.

Na bi sauran magada ɗaya bayan ɗaya na tambaye su gidan lambu, wanda Baba ya sake tayar da ɗakunansa kafin ya kwanta. Babu mai so, wa zai so? Na ce to mu bar wa Yaya. Kowa ya amince, har da Inna, wadda ta dube ni ta ce, "Kai ka sani." Yaya kaɗai ban gaya wa ba.

Ranar arba'in an yi ruwan fari da kwana biyu, ƙasa na ƙamshi. Dagaci ya zo, liman ya zo, 'yan lambu sun cika tabarmi, aminin Baba na can ƙarshe jingine da bango. Aka yi addu'a, aka raba waina. Kafin a tashi na matsa kusa da mijin Yaya na dafa kafaɗarsa ina murmushi, yadda na saba tun ina yaro.

"Yallaɓai injiniya," na ce da ƙarfi, "yanzu dai an sare masu laifi, ko?"

Mutane suka yi 'yar dariya, sun san tsakaninmu. Shi ma ya murmusa. "Auta, ko yau ba za ka bar ni ba?"

"Tambaya ce. Tunda itace ne ya fasa ganuwa, kuma babu itace, yanzu lafiyarta lau?"

Ya dubi dagaci. "Da yardar Allah. An ɗauki mataki."

"Mutanen nan su kwana da ido biyu rufe?"

"Su kwanta, babu komai."

"Alhamdu lillahi," na ce. Na juya wajen dagaci. "Ranka ya daɗe, a shaida. Mu magada mun bar wa Yaya gidan lambu. Ga iska, ga fili, ga shi kusa da wurin aikin maigidanta, ko mai ba zai ƙona ba. Mun share, mun yi shafe. Muna roƙon ya tare da iyalinsa a daminar nan, albarkacin Baba. Ni zan kwashe musu kaya."

Dariyar ta tsaya. Mijin Yaya ya ce maganar gado ba ta yau ba ce. Baffa, wanda ya shekara yana haɗiye abin da ke cikinsa, ya ce, "Ta yau ce, mun gama ta." Mijin Yaya ya ce gidan ya yi ƙanƙanta. Wani ɗan lambu ya ce su goma ne a ɗaki biyu, a gindin ganuwar, kuma ba su mutu ba. Mijin Yaya ya ce makarantar yara ta yi nisa. Na ce ina da babur. Gumi ya keto masa, ya cire hula ya mayar. Dagaci ya gyara zama ya ce, "Kyauta ce aka yi maka a gaban jama'a. Za ka tare ko ba za ka tare ba?"

"Ranka ya daɗe," in ji shi, muryar can ƙasa, "ba zan kai 'ya'yana ƙarƙashin ganuwar nan ba."

"Saboda me? Ai babu itace."

Sai Baffa ya faɗi sau nawa Baba ya aike shi, da abin da aka ce masa kowane zuwa. Daga can ƙarshe aminin Baba ya dafa bango ya miƙe. Ya ce, "Yaro, tun kafin ta fashe ka sani?" Mijin Yaya ya tsuguna, kai a ƙasa, amma wannan karon babu wanda ya ce madalla. Tsohon ya ce, "A kura na mayar wa Malam da itacensa," ya fashe da kuka irin na yara, sai da aka riƙe shi.

Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina har tafin ƙafa. Na kalli mutumin yana neman takalmansa a cikin na jama'a, babu mai miƙa masa, na ce a zuciyata ko yanzu na mutu na huta. Ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe.

Da na shiga cikin gida labari ya riga ni. Mata suka dare suka ba ni hanya. Yaya na zaune a ƙofar ɗakin Baba, idonta a bushe. Ita ba mai yawan magana ba ce, halinsa ta ɗauko.

"Auta," ta ce, "da gaske an aika masa?"

"An aika, Yaya."

"Baba ya sani, ya yi shiru?"

"Saboda ke."

Ta ce, "Ban taɓa zama da shi mun yi magana ba, ka sani. Ina cewa sai ya tsufa sosai kunyar ta ragu." Ta share fuska da gefen mayafi ko da yake babu hawaye. "Gidan da kuka ba ni, da gaske nawa ne?"

Na ce ai dabara ce kawai, don a kama shi.

"An shaida a gaban dagaci ko ba a shaida ba?"

"An shaida."

"To na karɓa. Yara su zauna wajen Inna. Ni gobe zan tare." Na fara rantse-rantse, na ce ganuwar ba za ta kai ƙarshen damina ba, na ce da idona na gani. Ta ce, "Na sani. Shi ma ya sani. Baba ne ke jin kunyarsa, ni matarsa ce. Ya gyara, ko ya zo ya tono ni."

Ta tare da tabarma da buta da tukunya ɗaya. Inna ta yi kuka, Baffa ya je ya yi faɗa, liman ya je ya yi nasiha, ta gaishe su da ladabi ta ba su ruwa. 'Yan lambu da suka fara shirin kwashe iyalansu suka fasa, wai ba za su gudu su bar 'yar Malam ita kaɗai ba. Mijinta an ce kullum yana hanyar babban birni, daga wannan ofis zuwa wancan, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya sa an yashe ƙofar siminti, wannan na gani. Katafila da tifofin da ya ce suna tafe, har yau ban ga ƙurarsu ba. Na so ya rasa barci, kuma ya rasa. Ban lissafa cewa nawa zai tafi tare da nasa ba.

Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi har ƙasa. Na bar babur ɗin mutane a kwance na rufe rumfa na tafi. Na tarar da ita a gindin ganuwa tana tsinkar yakuwa, ƙafarta cikin ruwan naso. Na ce, "Yaya, don girman Allah ki zo mu tafi, ko na yau kaɗai." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Je ka gaya wa mijina. Ai kai ne mai baki."

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da mahaifiyarsa cikin rahama. Wanda ya yi sanadi, na bar shi da Allah, kuma ban roƙa masa sauƙi ba. Addu'ata ɗaya ce yanzu bayan kowace salla, ni da na tsaya ina jin daɗin ganin ganuwar nan tana yoyo: ya Allah ka riƙe ta, ka riƙe ta har Yaya ta fito.